Bargon Iya: Waiwaye Kan Tarihin Ɗinkin Tsumma A Ƙasar Kano

Shimfiɗa

Bayan an yi sadakar arba'in ta kakata a ƙauyenmu da ke ƙasar Dawakin Kudu, cikin shekarar 1998, sai aka fito da kayan ɗakinta tsakar gida domin a raba wa magada. Tasoshi ne da fanteka, da akwatin ƙarfe guda, da zannuwa, da tumaki biyu da ke ɗaure a turke. Malamin da ya zo rabon ya yi wa kowane abu kuɗi, har da tsohuwar fitilar ƙwai. Abu ɗaya ne kawai ba a yi wa kuɗi ba, wato wani bargo mai nauyi da ta ɗinka da hannunta daga ƙyallaye da tsofaffin tufafi. Kawuna ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce a ba shi ya yi wa jakinsa akumari. Ni kuwa da na tuna dararen hunturun da na kwana a cikinsa ina yaro, ita tana tsokanata tana cewa maigidanta rago ne ba ya jure sanyi, sai na ce a bar mini. Aka yi ta dariya, gwaggona ta ce, "Ɗan boko ke nan, sarkin kwashe-kwashe."

Na kai shi birni na jefa a ƙasan akwati, kuma gaskiya na manta da shi. Sai a shekarar 2006 na ga hotunan wasu kan sarki da hukumar gidan waya ta Amurka ta buga, ɗauke da zanen barguna na wasu mata baƙar fata daga wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama. Ina ganinsu gabana ya faɗi, domin kuwa sai ka rantse Iya ce ta ɗinka. Na nuna wa wani abokina malamin makaranta, ya ce ai wannan al'adar Turawa ce, Bahaushe bai san ta ba, shi dai saƙa da rini ya gada. Musun da muka yi a ranar shi ya sa na shiga bin diddigin al'amarin, kuma abin da na tsinta a tsawon shekarun nan shi nake son in baje wa mai karatu. Zan bi ƙyallayen bargon ne ɗaya bayan ɗaya, tunda su suka nuna mini hanya.

Baƙin ƙyalle daga Kura

A tsakiyar bargon akwai wani baƙin ƙyalle da ya koɗe ya koma ruwan bula. In ka kai shi kusa da ido za ka ga ashe shi kansa haɗi ne na siraran sawaye, kowane bai kai faɗin yatsu biyu ba, an jera su an ɗinke da ɗinki mai ƙanƙanta. Wannan guntun turkuɗi ne. Iya 'yar Kura ce, aure ya kawo ta ƙasar Dawaki, kuma mahaifinta a mabuga ya yi rayuwarsa.

Duk wanda ya san tarihin Kano ya san abin da sunan Kura yake nufi a harkar tufafi. A ƙarni na 19 ƙauyukan kudancin birni, irin su Kura da Bunkure da maƙwabtansu, cike suke da karofi. Mata su gurje auduga da magurji, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa sawaye. Maɗinka su haɗa sawayen su zama zane ko rawani ko riga. Marina su tsoma a baba sau da yawa har ya yi baƙi wuluk, sannan 'yan bugu su zuba masa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa walƙiya. Rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye suke naɗawa su rufe fuska har shuninsa ya rine musu fata, daga nan yake fita, kuma har yau akwai ragowar masu wannan sana'a a garin.

Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take samarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma abin da ake kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙuma 300. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan masana'anta ta rini ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, masaƙar maza ta Bahaushe ba ta fitar da faffaɗan yadi. Siririn sawu take fitarwa. Saboda haka babbar riga, da gwado, da luru, da zanen saƙi, duk sai an bi su da allura an haɗa guntu da guntu kafin su zama abin sawa ko abin rufa. Ke nan haɗa ƙananan ƙyallaye su zama babban mayafi shi ne tushen ɗinkin Hausa tun fil azal. Wannan ita ce amsa ta farko da na kai wa abokina.

Lifidi

Sai ya ce to ya ji, amma abin da Turawa suke yi ya wuce haɗi. Su shimfiɗa biyu suke yi, ta sama da ta ƙasa, su cusa auduga a tsakani, sannan su bi da ɗinki layi layi don kada audugar ta tattare wuri guda. Na ce masa ya tuna da 'yan lifidi.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da aka rasa a yaƙin Umbatu. Shi kuwa lifidi ba wani abu ba ne illa wannan ɗinki da abokina ya siffanta. Ana samun ƙyalle mai ƙwari a yi masa ninki biyu, a cusa masa audugar rimi, a bi shi da ɗinki har ya yi kauri ya yi tauri, sannan a rufa wa doki tun daga wuya har gindi, shi ma mahayin a yi masa nasa. Kibiya in ta zo sai ta nutse cikin audugar ta rasa ƙarfi kafin ta kai ga fata. A zamanin da maharba suke shafa wa kibau dafi, ƙwarzane kaɗan ma ajali ne, don haka kaurin ɗinkin shi ne tsakanin mutum da kabari.

An zaɓi audugar rimi ne domin ba ta da nauyi kamar audugar gona, ga shi ba ta saurin shan ruwa. Aibinta guda, wuta. Tana kamawa kamar an zuba mata mai, shi ya sa abokan gaba suka koyi harbin 'yan lifidi da kibiya mai wuta. Ga kuma zafi da nauyin kayan gaba ɗaya. Hugh Clapperton, wanda ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya a 1826, ya ba da labarin 'yan lifidin da ya gani, ya ce sai an taru an ɗora mutum a kan doki saboda ba ya iya hawa da kansa. Abokin tafiyarsa ta farko, Dixon Denham, ya bar mana hoton wani barden Bagirmi cikin irin wannan shiga. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai lifidin doki daga Sudan wanda aka yi wa fuskarsa ado da ƙananan ƙyallaye masu launi daban daban, ja da baƙi da rawaya, an yanka su an jera. In ka cire shi daga kan doki ka shimfiɗa a gado, babu mai cewa ba bargo ba ne.

Bindigar Turawa ce ta kashe lifidi a matsayin kayan yaƙi. Bayan faɗuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, babu sauran amfanin auduga a gaban harsashi. Amma bai ɓace ba, ya koma kayan ado. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ya ga 'yan lifidi da kwalkwalinsu mai gashin jimina, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mutane suna kallon doki da mahayi, ba kasafai ake tambayar wanda ya zauna da basilla ya ɗinka kayan ba. Shi kuma wannan ɗinki ya sauko daga fada ya shiga rayuwar talaka ta wasu ƙofofin: katifar rimi, matashin kai, huhun sirdi, har da akumarin da kawuna ya so ya yi da bargon Iya. Ashe kawu bai yi kuskure sosai ba, ya gane danginsu ɗaya.

Maho a matsayin tuta

Akwai wata jijiya ta uku. A tarihin Musulunci tufa mai maho tana da daraja ta musamman. Sananne ne cewa Sayyadina Umar yana halifa yana sa riga mai faci, kuma sufaye sun daɗe suna ɗaukar riga mai mahohi a matsayin alamar gudun duniya. A Sudan, lokacin da Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi a 1881, mabiyansa jibba mai faci suka riƙa sawa. Da farko tsumma ce ta gaskiya, ta talauci. Bayan sun ci Khartum a 1885 sun kafa mulki, sai facin ya zama tsararre, ana yanka ƙyallaye masu launi ana ɗinka su a wuraren da aka ƙayyade, ya zama kakin soja. Rundunar Rabe, wadda ta ci Borno a 1893, ita ma ta sa irin wannan jibba, wato abin ya iso har maƙwabtanmu. A Senegal kuwa, mabiya Shehu Ibra Fall, almajirin Shehu Ahmadu Bamba, har gobe da rigarsu ta haɗe-haɗen ƙyallaye ake gane su.

Ban kawo wannan don in ce Iya ta san Mahadi ko Ibra Fall ba. Na kawo shi ne don in nuna cewa a wannan yanki namu maho bai taɓa zama abin kunya zalla ba. Ita kanta takan ce wanda ya raina tsumma bai taɓa kwana a masallacin ƙauye cikin hunturu ba.

Akoko, atamfa da kaki

Sauran ƙyallayen bargon labarin ƙarni na 20 suke bayarwa. Shimfiɗar ƙasa akoko ce, wato farin yadin nan marar wanki da kamfanonin Turawa suka cika kasuwa da shi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun so jirgin ya kwashe audugar Arewa zuwa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka rungume ta. Duk da haka yadin kanti ya ci gaba da shigowa, yana cin kasuwar masaƙa sannu a hankali, har matan da suka tashi da mazari a hannu suka wayi gari zarensu ba shi da mai saye.

Akwai guntayen atamfa guda shida ko bakwai, waɗanda gwaggona ta tabbatar mini 'yar Kaduna ce. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, har aka kai lokacin da 'yar ƙauye take ɗaura atamfar da aka yi da audugar ƙasarta. Wannan ma ya wuce. Waccan masaƙa ta farko ta rufe a 2002, babbar ta cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007, kasuwar Kantin Kwari ta cika da kayan Sin.

A gefe guda kuma akwai wani murabba'in kaki mai tabon tawada. Wannan wandon makarantar yayana ne, wanda aka kwasa aka sa a firamare a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimi kyauta na UPE. Ke nan tun daga turkuɗin mahaifinta har zuwa kakin jikanta, Iya ta haɗa abin da ya kusa shekara ɗari a cikin mayafi guda, ba tare da ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Yadda take yi, kamar yadda na gani da idona, shi ne ta wanke tsummokaran ta shanya, ta yage wuraren da suka mutu ta bar masu rai. Sai ta shimfiɗa tsohon zane a tabarma, ta jera tsummokara marasa kyau a kai ninki biyu ko uku su zama ciko, wani lokaci ta yayyafa audugar rimi, sannan ta rufe da ƙyallaye masu kyan gani. Daga gefe take farawa, tana lanƙwasa bakin kowane ƙyalle tana bi da abawa da babbar allura, tana zagayawa har ta ƙare a tsakiya. Ba ta awo, ba ta zane. Daga baya na karanta cewa matan Siddi na ƙasar Indiya, waɗanda asalinsu 'yan Afirka ne, su ma daga gefe suke farawa su nufi tsakiya, kuma matan Bengal da tsofaffin zannuwansu suke yin irin nasu.

Wa ake ɗinka wa?

Nan ne zancen ya fi damuna. Wannan bargo shi kaɗai ya rage a ɗakinta, alhali ta ɗinka da yawa. Sauran duk bayarwa ta yi.

In an gama girbi an kai amfani rumbu, iska ta juya, sai ita da kishiyarta da matan gidaje biyu na maƙwabta su zauna bayan azahar. Yara a aike mu wurin telan bakin kasuwa mu roƙo ƙyallayen da suka zube ƙarƙashin keke. Kowace ta kawo abin da ya tsufa a ɗakinta. Su huɗu ko biyar a kan bargo ɗaya, kowace da kusurwarta, ana ɗinki ana hira, a gama cikin mako biyu ko uku. Ba su da sunan ƙungiya, ba shugaba, ba rajista. Gayya ce irin wadda maza suke yi a gona, sai dai ta cikin gida. Wanda za a bai wa kuwa an riga an san shi: almajirin gidan da ke kwana a zaure, ko mai takaba da mijinta bai bar komai ba, ko mai jegon da ta haihu cikin sanyi, ko tsohuwar da ba ta da ɗa. Da daddare ake aikawa, a naɗe cikin tabarma, don kada wanda aka bai wa ya ji nauyi.

Wannan hali yana da magabata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuma a raba wa mabuƙata. Ƙungiyoyin zamani irin su Jam'iyyar Matan Arewa ta 1963 da FOMWAN ta 1985 sun zo da ofis da takarda, amma taimakon mace ga mace da abin hannunta ya riga su.

Labarin da aka fi maimaitawa a gidanmu na shekarar 1973 ne, lokacin farin da ya kashe dabbobi a Sahel ya koro mutane kudu. Wasu Buzaye suka sauka a gindin tsamiyar bayan gari, da mace mai goyo. Iya ta leƙa ta ga rawanin mijin, ta gane ɗan Kura ne, irin wanda mahaifinta yake bugawa. Mutanen da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna sayen kayan garinsu da tsada, ga su yau ba su da abin rufa wa jariri. Ta koma ɗaki ta ɗauko bargon da aka gama domin ita kanta ta aika musu. Haka kuma a watan Agusta na 1988, da aka yi ruwan da ya rushe gidaje a Kano har dam ɗin Bagauda ya ɓalle, gwaggona ta ce ba a jira hunturu ba, cikin damina aka zauna ɗinki saboda dangin da ɗakunansu suka zube.

Can ƙetaren teku

Yanzu bari mu koma ga matan Gee's Bend. Jikokin bayi ne da suka yi noman auduga a wani lungu da kogin Alabama ya kewaye. Gidajensu na katako ba su da abin ɗumama ɗaki, don haka suke yayyaga tsofaffin wandunan aiki da buhuna su ɗinka abin rufa. A 1966, lokacin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, da ake korar mutane daga gonaki da ayyuka saboda sun yi rajistar zaɓe, matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai mai suna Freedom Quilting Bee, da taimakon wani limamin coci, Francis Walter. Suka riƙa sayar da bargunan a manyan kantunan New York, kuɗin yana dawowa ƙauye. A 2002 aka baje kolin ayyukansu a gidan adana zane na Houston, daga nan aka kai New York, masana suka yi ta yabo, abin da ake shimfiɗa wa yara ya koma abin ratayawa a bango.

A can ɗinkin taro don taimako ya zama babbar al'ada. Mafi shahara shi ne mayafin tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, wanda aka fara shimfiɗawa a Washington a watan Oktoba na 1987 da ƙyallaye 1,920, kowane an yanka shi daidai girman kabari, ɗauke da sunan mamaci. Daga baya ya kai kusan 50,000.

Wasu masana, irin su Robert Farris Thompson da Maude Wahlman, sun ce salon baƙaƙen Amurka na jera dogayen sawaye gado ne daga saƙar Afirka ta Yamma. Wasu kuma sun musa, suka ce talauci da ƙarancin yadi sun isa su haifar da salo iri ɗaya a wurare daban daban. Ni dai ba zan yi wa abokina ƙarin gishiri in ce daga Kura aka kai Alabama ba. Abin da na tsaya a kai shi ne muna da namu, mai tushe a sawaye da lifidi da gayya. Bambancin kawai, su an rubuta nasu an ɗauki hoto an sa sunan kowace mace a ƙarƙashin aikinta, mu kuwa namu ko kuɗi ba a yi masa ba ranar rabon gado.

Ruwan Tiga

Me ya kashe zaman ɗinkin? Mutane sukan ce gwanjo da bargon kanti, kuma da gaskiyarsu. Wanda zai shiga Ƙofar Wambai ya sayi rigar sanyi da bargo da kuɗi kaɗan ba zai yi mako uku yana soka allura ba. Katifar soso ta kori ta rimi, su kansu itatuwan rimin an sare da yawa ba a dasa wasu ba. Amma a yankinmu akwai wani dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne ruwa.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da niyyar shayar da kadada 22,000 a kashin farko. A 1976 aka kafa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi aikin. Rani, wanda a da shi ne lokacin saƙa da rini da kaɗi da ɗinki, ya koma lokacin alkama da tumatir da albasa, shinkafa kuma ta mamaye damina. Maza suka bar karofi suka kama fatanya. Mata suka shiga turara shinkafa, sana'ar da ta yi wa Kura sabon suna, da yankan tumatir ana shanyawa. Har mu na ƙasar Dawaki da ke gefe abin ya taɓa mu, samarinmu can suke tafiya ƙwadago.

Ba kuka nake yi da wannan ba. Matar da take samun kuɗin kanta daga tukunyar shinkafa ta fi kakarta sukuni, kuma babu mai hankalin da zai ce ta bari ta koma tsumma. Sai dai sanyin bai tafi ko'ina ba. Sanyin da alkama take so domin ta yi ƙwaya, shi ne yake dukan 'yan ci-ranin da suke zuwa tsinkar tumatir suna kwana a rumfunan kara a bakin kwalbati, shi ne yake dukan almajirai a zaurukan da babu ƙyaure. Su ba su da kuɗin gwanjon. A lokaci guda kuma teloli sun ninka na da sau da yawa, kuma ƙyallayen da muke roƙa muna yara yanzu a buhu ake tarawa, a ƙone ko a zuba a kwata su toshe ta.

Kammalawa

Hunturun da ya wuce na ɗauki bargon na kai gida, na nuna wa ƙanwata da wasu ƙawayenta da suke karatun Islamiyya tare. Suka ce za su gwada. Tela ɗaya ya ba su buhu biyu kyauta, har yana godiya an rage masa shara. Sai ga matsala: babu wadda ta san yadda ake lanƙwasa baki a bi da ɗinki ba tare da cikon ya tattare ba. Na farkon da suka yi a keke ya karkace ya yi tudu da kwari. Dole aka je aka ɗauko gwaggona, wadda ta yi mini dariya a 1998, yanzu ta haura tamanin, idonta ba ya ganin kafar allura. A duk zuri'armu ita kaɗai ta rage da ta taɓa zama a waccan tabarma. Ana zura mata zare tana nunawa da lalube, tana faɗa tana cewa 'yan zamani hannunsu kamar na kuturu. Kafin sanyi ya wuce sun gama huɗu. Aka aika da su makarantar allon bayan gidanmu, bayan sallar isha.

Roƙona ga mai karatu guda biyu ne. In akwai tsohuwa a gidanku, a tambaye ta tun tana da baki, a rubuta sunayen ɗinki da na ƙyalle yadda ta faɗe su, domin na tabbata kowane gari da irin nasa, kuma abin da na kawo nan na gida ɗaya ne. In kuma akwai irin wannan mayafi a ƙasan gado ko a kan jaki, a ɗauki hotonsa a rubuta sunan wadda ta ɗinka. Masu nazari a jami'o'inmu da Gidan Makama ba za su adana abin da ba a nuna musu ba.

Da za mu rabu, gwaggo ta shafa bargon Iya ta ji wata ɓula da asu ya yi kusa da turkuɗin. Na ce mata so nake in bar shi yadda yake, in sa a gilashi kamar yadda Turawa suke yi.

Ta ce, "Kai ɗan nan, gilashi sanyi yake ji? Kawo tsohuwar rigarka."

Na ce, "Gwaggo, ai sai ya tashi daga aikin Iya."

Ta ce, "Ita ma a kan na uwarta ta ɗora."

Ban taɓa sanin haka ba sai ranar. Na cire aljihun wata tsohuwar shaddata na miƙa mata, ƙanwata ta zura zare, gwaggo ta lalubi bakin ɓular ta fara ɗinki. Allah ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu, ya sa abin da suka rufa wa bayinsa ya zame musu inuwa, amin.